Murfin Tankin Koriyar Mota

Ni, Helmer Sandgren, na rubuta wannan da hannuna, hankalina daram. Huhu ne ya gaza, kai bai gaza ba, likita ma ta shaida. Zuwa ga 'ya'yana biyu, Tyra da Sixten.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku biyu. Tyra, ki ɗauki keken ɗinkin mahaifiyarku da kofunan nan masu shuɗin baki. Wanda ya tsage nata ne, kada ki yar.

Na biyu. Koriyar motar da ke gareji ta Sixten ce, da kayan aikin da ke rataye a bango. Na san zai ce ba ya so. Tyra, ke ce mai zuwa duba ni, ke za ki fara ganin takardar nan. Ki kai masa hannu da hannu, ki tsaya a kansa har ya karanta ta duka.

Sixten, shekara bakwai ke nan rabonka da gidan nan, kuma ka san ranar. Bikin tsakiyar bazara ne, na ƙarshe ga mahaifiyarku Gunvor. Ta rame har zobe ba ya zama a yatsarta, abu ɗaya ta roƙa: a kai ta bakin tafkin Siljan a koriyar motar nan da muka shiga ranar aurenmu. Ka yi sati kana wanke kafireto, ka sake tiyon mai. Tyra ta ɗora mata furanni a ka, muka ɗauko ta muka zaunar a gaba. Mota ta tashi lafiya lau. Muna tsakiyar hanya motar ta fara tari, ta mutu. Na yi ta murza makulli har batir ya sare. A gaban mahaifiyarka da mutanen da suka tsaya taimako na ce maka, "Hannunka bai taɓa abu ya gyaru ba. Ga shi ka hana uwarka ganin tafki." Ita ce ta ce, "Helmer, ƙyale yaron nan, ai nan ma akwai bishiyoyi." Kafin a samo wata mota ƙarfinta ya ƙare, sai gida. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu.

Na uku, shi ne dalilin takardar nan. Ba laifinka ba ne. Shekara huɗu motar tana lulluɓe kafin in iya kallonta. Na canza famfon mai, na canza filtar mai, na sauke kafireton ina neman kuskurenka a ciki, da fatan in same shi ma. Aikinka tsaf yake. Motar kuma halinta ɗaya: ta tashi, ta ɗan yi tafiya, ta mutu. Wata rana na buɗe murfin tanki in leƙa ko tsatsa ce, sai na ji tankin ya zuƙi iska kamar wanda aka toshe wa hanci. Tsohon murfin yana da ɗan rami kamar na allura, ta nan iska take shiga fetur ya samu fita. Ni na cire shi da safiyar ranar, na ɗaura sabo mai ƙyalli don Gunvor ta ga motarta ta yi kyau. Sabon ba shi da rami. A ƙasan gareji na zauna na yi kuka.

Shekara uku ina sane da wannan. Na sha ɗaukar waya in ajiye. Ba wani dalili, taurin kai ne da kunya, kuma sun raba ni da ɗana. Ka yafe mini, Sixten. In ba za ka iya ba, ban ga laifinka ba.

Na huɗu. Sabon murfin yana nan a kanta, da gangan na bar shi. Ka tuƙa ta har ta mutu, ka buɗe, ka ji da kunnenka, don kada ka ce tsoho ya faɗa ne kawai saboda ya ga kabari. Tsohon murfin yana cikin aljihun gaban mota, a nannaɗe da ɗankwalin mahaifiyarka. In ta kwana sanyi a gareji, fetur yana bushewa a kafireto: taka totur sau biyu, ka jira kaɗan, sannan ka murza. Kada ka yi ta takawa cikin fushi, mai zai shaƙe ta. Ni haka nake yi, ka ga inda ya kai ni.

Na biyar. Tyra, shekara bakwai kina yawo tsakaninmu da kek da saƙon da ba wanda ya ba ki. Na gani, ban taɓa gode miki ba. Na gode.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ku riƙe juna, kada bakin wani ya sake raba gidan nan kamar yadda nawa ya raba shi. Ran bikin bazara mai zuwa ku fito da motar. Sixten ya tuƙa, Tyra ta zauna a baya, ku ɗora furanni a kujerar gaba. Ku ɗaura tsohon murfin, ku kai mahaifiyarku tafki.

Mahaifinku,
Helmer