Ciwon Zuciyar da Na'ura Ba Ta Gani Ba

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Hajara ta aiko. Cikinta wata shida, kuma tunda Inna ba ta da rai, gidana za ta zo wankan jego. Ni ce yayarta, wa zai ce a'a? Amma ni da tun rasuwar Khalifa, ɗana na kwana tara, ko kukan jariri na ji a maƙwabta sai in shige ɗaki in toshe kunne. Shekara guda ke nan. Wata uku gare ni in gyaru, kuma sai na gyaru.

Laraba, 15 ga Mayu
Abin dariya, abin haushi. Na gaya wa majo, babban malamin jinya a asibitinmu na Matameye, cewa zuciyata ke ciwo, shi kuwa ya rubuta mini takarda zuwa likitan zuciya a Damagaram. Aka lilliƙa mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta yi ta zane. Likita ya ce, "Madam, zuciyarki ta fi tawa lafiya." Na ce ba wannan zuciyar nake nufi ba. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce to mai sauraro nake buƙata, sikolog, masanin damuwar rai, ba shi ba.

Alhamis, 23 ga Mayu
Maigida ya ce kar a ji a gari, za a ce matar Hashimu ta taɓu. Na ce su ce. Addu'a ina yi, rubutun Malam ina sha, wannan ma nema ne.

Talata, 4 ga Yuni
Na koma Damagaram. Wanda aka haɗa ni da shi mutumin kirki ne, amma layinsa duk samari ne masu fama da ƙwaya. Tambayarsa ta farko: me nake sha? Na ce shayi. Da na ambaci Khalifa sai ya ce in yi haƙuri. Haƙuri! Ai shi aka yi ta ɗura mini shekara guda. Na daure na tambaye shi kai tsaye ko ya saba zama da mata irina. Bai ɓoye ba, ya ce ba fanninsa ba ne, ya rubuta mini sunan wata Madam Sakina. Ashe su ma kowa da ɓangarensa. Na ji daɗin kaina da na tambaya.

Talata, 2 ga Yuli
Madam Sakina, mata masu ɓari da waɗanda suka rasa jarirai take gani. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Cewa ta yi, "Najaha, da wa Khalifa ya yi kama?" Ba wanda ya taɓa tambayata. Na ce kunnen babansa gare shi. Sai kuka, har na jiƙe bakin mayafi. Duk Talata zan riƙa zuwa.

Alhamis, 18 ga Yuli
Aikin da ta ba ni: in buɗe akwatin kayan Khalifa. Na buɗe, na rufe. Gobe kuma.

Lahadi, 4 ga Agusta
Hajara ta sauka, namiji. An kawo su da la'asar. Na dafa ruwa, na dama kunun kanwa, yaron dai ban kalle shi ba. Na gaya mata kar ta miƙo mini shi, ta ce to, Yaya.

Juma'a, 9 ga Agusta
Ruwan wanka ya tafasa, Hajara ta shiga wanka, ba kowa a gidan sai ni, yaro na tsala ihu. Riƙe mata shi kawai na yi, ba ɗauka ba. Na ɗan jijjiga shi har ya daina kuka. Ta fito ta shirya, ta sha kununta, ta ce in kawo shi. Na ce ta bari, barci yake, kar a tashe shi.

Idonsa biyu.