Ku Kai Jikokina Su Ga Jami'a

Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, hankalina daram, ƙafafu ne kawai suka ƙi. Kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ni faɗa. Haushinku ne.

Na ɗaya. Ɗakin gaba ba na haya ba ne. Babba, ina kwance ina jin ka da mai gyaran waya kuna auna shi. A sa tebur da kujeru da fitila, jikokina su yi karatu a ciki.

Na biyu, shi ne ma ya sa na ɗauki biro. 'Yarka ta fari, Babba, ta daina zuwa makaranta, saura shekara ɗaya ta gama sakandare, kai kuma ka ce wai ta gaji. Na tambaye ta me ake yi bayan sakandare, ta ce ba ta sani ba. Yarinyar da ta kwance fankar ɗakina ta gyara da hannunta! Ba gajiya ta yi ba, ba wanda ya nuna mata abin da ke gaba.

Laifin daga ni ya fara. Shekara ashirin da shida ina shara a jami'a, ina goge allo, ina kwashe takardu a ƙarƙashin benci, ban taɓa kai ɗayanku ba, don kada ku gan ni da tsintsiya. Kuka tashi kuna zaton wurin na 'ya'yan wasu ne. Ku ukun nan ba wanda ya gama sakandare. Har yau abin yana ci na.

Na uku. Auta, kai ke da mota. Ka kai 'yar Babba jami'ar ranar aiki, ta leƙa ɗakin gwaje-gwaje, ta ga 'yan mata irinta. Ku nemi mai kula da laburare, doguwa mai tabarau. Ta san ni, za ta nuna mata yadda ake neman shiga da neman tallafi. Duk jikan da ya shiga sakandare a kai shi, tun yana aji ɗaya.

Na huɗu. Tela, 'yata, keken ɗinkin naki ne. Ke da yayanki ku bar gabar nan haka, na gaji da sasanta ku.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada ku watse a bayana. Yarinyar nan kuma ta koma aji ranar Litinin. In ina da rai, ni zan leƙa ta taga in ga fitarta.