Gilashin Kifin Madam Agnes Ya Yi Tumbi

Anti Ruwaida, don Allah ki taimake ni, hankalina ya kasa kwanciya. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, maƙwabciyata a shago kuma Madam Agnes ce, 'yar ƙabilar Ibo, wadda ta riƙe ni kamar ƙanwarta tun ina sabuwar shiga kasuwa. Bara ciwon ƙoda ya matsa mata, 'ya'yanta suka tafi da ita Owerri. Kafin ta tafi ta ba ni amanar akwatin gilashin da take kiwon kifayen ado a ciki. Marigayi mijinta ne ya haɗa shi da hannunsa, ya ma girmi autarta. Ta riƙe hannuna ta ce kada in bari komai ya same shi, za ta dawo ta ɗauka.

Yanzu yana falonmu a Rijiyar Lemo, falon da ko tabarma biyu ba ya ci. Wajen ɗauko shi a adaidaita sahu, wata 'yar sandar roba da ta ratsa samansa ta tsage. Maigidana ya ce ai murfi kawai take riƙewa, ya ɓalle ta ya yar. Kwanan nan na ga kamar gilashin gaba ya yi tumbi. Na zo da sandar awon yadi daga shago na kara a jikinsa, sai ga ta tana lilo, tsakiya ta taɓa, gefe da gefe kuwa yatsana na shiga. Tun ranar gabana yake faɗuwa.

Anti, ina da 'ya, Ikhlas, yanzu take koyon tsayuwa. Ba ta da wurin zuwa sai gindin teburin nan. Ta dafa ta miƙe, ta yi ta marin gilashin tana yi wa kifi gwaranci. Ko cokali ya faɗi ina kicin sai na fito a guje. Babanta kuwa ya ce shi bai taɓa jin gilashi ya lanƙwasa ba, idona ne. Da na dame shi, ya kawo robar taya ya ɗaure shi tamau kamar kayan da za a ɗora a babur, wai an gama.

Duk Lahadi Madam takan kira, muryarta da ƙyar take fita, ta tambayi kifayenta, in ce lafiya lau. Ina tsoron in faɗa mata ciwonta ya tashi. Ina tsoron in taɓa shi in ci amana. In bar shi kuma, wallahi ba na son in ƙarasa tunanin. Yaya zan yi?

Maman Ikhlas, Rijiyar Lemo

Maman Ikhlas, idonki lafiyarsa ƙalau. Gilashi yana lanƙwasa, kuma sandar nan da aka yar ita ce take riƙe bangon gaba da na baya don kada nauyin ruwa ya buɗa su. Gilashin da ya tsufa kuma ya yi tumbi ba ya sallama kafin ya fashe. Ban ga laifin maigida ba, ya yi abin da ya sani ne, amma robar taya ba za ta tare wannan ruwan ba.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki kai Ikhlas maƙwabta ko ki bar ta a ɗaki da wani babba. Ki zare duk wata wayar lantarki da ke jikin akwatin. Ki zuƙe ruwan da tiyo a hankali zuwa babbar robar wanki wadda sabulu bai taɓa ba, sannan ki kwashe kifayen ki zuba su cikin ruwan nasu, don sabon ruwan famfo zai iya kashe su. Ki mayar musu da injin iskarsu, ki ajiye robar inda yarinya ba za ta kai ba, domin ita ma haɗari ce gare ta. Kada kowa ya ɗaga akwatin da ruwa a ciki. Idan ya zama fanko, ki kira mai aikin gilashi ya duba ko zai gyaru da sabuwar sanda da sabon gam. In ya ce ba zai yi ba, ki naɗe shi da bargo ki adana mata.

Na fahimci nauyin amana, kuma na yaba miki. Amma ranar da ya tarwatse, ba gilashin, ba kifayen, ga abin da muke roƙon Allah Ya kiyaye. Zubar da ruwan nan shi ne riƙon amanar.

Ki fara kiran babban ɗanta ki ji ƙarfin jikinta, sannan ran Lahadi ki gaya mata gaskiya, bayan kifayen sun samu wuri lafiya. Uwa ce ita ma. Ina da yaƙinin idan ta ji, ba gilashin za ta fara tambaya ba, Ikhlas za ta tambaya.

Allah Ya ba Madam lafiya, Ya dawo da ita ta tarar da 'yarki tana gudu da ƙafafunta.

Anti Ruwaida