Sauran Kilomita Talatin da Takwas na Taguwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau muke. Mama ta samu sauƙin ƙafarta, har ta dawo da faɗan da ka san ta da shi. Ƙarshen watan nan za mu koma ƙaramin gidan da na gaya maka, wanda ko wurin ajiye keke babu, balle mota mai dogon baya irin ta marigayi Baba.

To, maganar motar tasa, Taguwa, ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce in sayar da ita tun ba ta ruɓe a gareji ba, kuma na sayar, amma ba da farashin da muka yi tsammani ba. Laifina ne, shi ya sa nake so ka ji daga bakina.

Dillalin da na samo ya zagaya ta sau biyu, ya yaba injin, ya yaba faɗin but ɗin, sai ya leƙa mitar da ke ƙirga tafiya ya riƙe baki. Ya ce motar da ta kusa kilomita dubu ɗari biyar ba mai kallonta, amma akwai inda ake mayar da lambar baya, kuma kowa haka yake yi. Yaya, kunya nake ji, amma na yarda. Na kai ta wajen tsohon bakaniken Baba, mai gilashin nan da aka ɗaure da waya, na faɗa masa abin da nake so. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Daga baya ya tambaye ni ko na karanta lambar da kyau. Ya ce shekara uku ke nan, duk zuwan da Baba ya yi canjin mai sai ya ƙwanƙwasa gilashin mitar da ɗan yatsa, ya ce shi dai a riƙe masa Taguwa har ya ga ranar da jerin taran mitar za su juye su zama sifili. Na sunkuya na duba. Saura kilomita talatin da takwas ta cika dubu ɗari biyar, shi kuma ya rasu bai gani ba. Shekara guda ina wucewa ta gefen motar nan da tsintsiya, ban taɓa lura ba.

Na dawo gida, na gaya wa Mama komai. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Tambayata kawai ta yi wace tafiyar zan goge, ta zuwa asibiti ranar haihuwata ko ta kai ka makaranta da akwatinka a baya. Dillali ya ji na fasa, ya tafi da mai sayensa. Wanda ya saya wani kafinta ne da ke son dogon bayan saboda katako. Na nuna masa lambar, na gaya masa kulochi yana gardama da safe, ƙofar baya kuma sai an tokare ta da sanda. Ya rage kuɗi sosai, na amince, na roƙi aron kwana ɗaya.

Washegari da hantsi na sa Mama a gaba, muka fita ba inda za mu. Muka bi ta tsohon ofishin Baba, muka zagaya ta makarantarku, ni ina tuƙi ita tana gadin mita da tabarau a hanci. A wani titi da ba komai sai shagon faci ta ce in rage gudu. Na gangara gefe a hankali, muna kallo taran suka mirgina gaba ɗaya. Mama ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa gilashin sau biyu, ta gaya wa Baba ta cika, kamar yana zaune tare da mu. Mun daɗe a wurin kafin in iya ganin hanya.

Rabonka ya ragu saboda ni, ka yafe mini. Sandar tokare ƙofar tana nan na ajiye maka, kafinta ya ce zai sassaƙa tasa. Ka gaida Anti, da Babangida, da Takwarar Mama. Kawu da Gwaggo suna gaishe ku, Mama kuma tana sa muku albarka.

Taka ƙanwa,
Auta