Ragon da Aka Sa wa Hula

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Wani bidiyo ya karaɗe Bagudo yau. A ƙetaren iyaka, wajen Segbana, jami'ai sun tare wani mai babur ɗauke da fasinja sanye da riga da hula, ashe rago ne. Kukansa ya tona asiri. Fuskar mutumin ba ta fito ba. A teburin shayin Manu har da masu ƙwarewa don dariya. Wani ya ce ragon ya fi angon bana kyau. Na yi musu bayani cewa wannan alama ce ta durƙushewar tunani da taɓarɓarewar tarbiyya. Na rubuta hakan, na tura wa zauruka huɗu na waya. An yaba ƙwarai. Dama ilimi ba ya ɓuya.

Talata, 7 ga Mayu
Yaya Mudassiru bai kwana gida ba. Wayarsa a kashe. Ranar Juma'a za a yi sunan jaririnsa.

Laraba, 8 ga Mayu
Riskuwa, matar Yaya, ta roƙi in nuna mata abin da ake ta dariya a kai, ko hankalinta ya ɗan kwanta. Ta kalla sau biyu, ta miƙo mini wayar. "Wagga riga ni na wanke ta."

Ragon suna Yaya ya je saye, don an ce can ya fi araha, kuma ya san dabba ba ta wuce shinge salin alin.

Inna ba ta yi kuka ba. Tambayata kawai ta yi ko gaskiya ne ni na fi kowa yaɗa abin. Na soma fayyace mata bambancin sharhi da cin mutunci. Ta tashi ta bar ni.

Alhamis, 9 ga Mayu
Mun ƙetara da Kawu Labbo. A hanya na tsara jawabi mai ratsa zuciya kan haƙƙin ɗan Adam. Da na hango Yaya zaune a ƙasa, ba takalmi, ga ragon ɗaure a gefensa, sai na bar wa Kawu maganar. Kawu ya yi ta magiya da yaren Dendi. Jami'an suka ce mutum zai fita, rago da babur sai an bincika. Ɗayansu ya nuna mini rubutuna a wayarsa yana dariya; har can ya kai. Yaya ya karanta. Ya ce, "Hausarka ta yi kyau, Muzammilu." Muka kamo hanyar gida tare.

Juma'a, 10 ga Mayu
An raɗa suna, Bunyaminu. Kawu ya ba da tunkiyarsa aka yanka. Ana cikin addu'a wani daga baya ya yi kukan rago ƙasa-ƙasa. Yaya bai ɗaga kai ba. Ni na ɗaga.

Lahadi, 12 ga Mayu
Sabon labari a teburin Manu: wai wani a Kamba ya kwana cikin rijiya don gudun surukinsa. Suka juyo gare ni, mai digiri me ya ce? Na tambaya ko an fito da shi lafiya. Ba wanda ya sani.

Ba wai na daina sharhi ba ne. Shayin ne ya yi zafi.