An Cire Sunan Baba Daga Dankalin Dutse

Paucartambo, 9 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Fermin,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, tare da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa maka zaman Italiya, kai da Nelida da yara. Mu nan lafiya lau, mun fara haƙar dankali, ƙafar Goggo Basiliya ma ta yi sauƙi. Baba ne dai ba ya cikin walwala, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna dankalin dajin nan mai shuɗin fure da ya gano a bayan dutsen garinmu, wanda masu bincike na Lima, babban birni, suka ce sabon iri ne, suka raɗa masa sunan Baba, Saturnino? To, sun janye sunan. Bara sun aiko masa da irin wani dankalin daji na Bolibiya, suka ce ya gwada haɗa shi barbara da nasa, tunda shekara talatin yana yi musu wannan aikin kuma ba mai hannunsa. In ba su haihu ba, nasa daban ne, in sun haihu, dangi ɗaya ne, kuma sunan da aka fara sawa, wato na dankalin Bolibiya, shi ke zama. Ya bi furannin ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu garin furen, sai ga 'ya'ya reras, ya shuka su kuma suka tsiro. Wallahi na ce masa ya tsinke su ya watsa wa aladu, wa zai hawo dutsen nan ya duba? Ya kalle ni kamar na zagi uwarsa. Da hannunsa ya rubuta musu sakamakon, kaza ta tono wuƙar yanka ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, takardar da suka aiko layi uku ce, ko godiya babu. Wanda ya sa hannu a kanta bai taɓa taka garin nan ba. A kasuwa Kawu Hilariyo har yana tsokanarsa, wai dattijo ya aurar da 'yarsa, miji ya ƙwace mata suna.

Jiya Baba ya ce in sauke takardar shaidar raɗa wa dankalin sunansa daga bango. Na ƙi, sai ya hau kujera da kansa. Ya ce, "Bar shi, 'yar nan. Dankalin ma bai taɓa sanin sunana ba." Amma bai sake hawa dutsen ba tun watan Maris. In ka kira, kada ka tambaye shi.

Ka gaishe da Nelida, da 'yarku Sabina, da autanku. Goggo tana sa muku albarka.

Taka yayarka,
Eleuteriya