Daddawar Mutane Ta Ruɓar Mana Da Mota

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, shawara nake nema don Allah, kafin raina ya gama ɓaci.

Ina PhD a ƙasar waje, a nan birnin KL, muna zaune unguwar Pantai Dalam da maigidana da yara biyu. Shekara uku da suka wuce muka sayi tsohuwar campervan, motar nan mai gado da ɗan kicin a ciki, da ita muke kai yara bakin ruwa lokacin hutu. Da za mu gida data collection na wata huɗu, sai maigida ya bar makulli wajen wani babban yayansu, wanda ya tarbe mu ranar da muka fara sauka ƙasar nan.

Bawan Allahn nan ya mai da ita sito. Duk wanda ya dawo daga Najeriya da daddawa, kuka, busasshen kifi, sai ya ce a zuba a ciki tunda flat ba wuri. Ya rufe tagogi ruf, ya lulluɓe ta da tampol kamar a Kano yake, a garin da ruwa ke sauka kusan kullum. Da muka dawo muka buɗe wallahi sai da na yi amai. Katako ya ruɓe, katifu sun yi baƙi da fumfuna, ɓeraye sun cinye wayoyi. Ko haƙuri bai ba mu ba, cewa ya yi ai zafin rana na yini ɗaya zai busar da ita.

Makaniki ya ce boleh, wato zai yiwu a yarensu, zai gyara, amma fumfunar da ta shiga bango ba ya alkawari. Ƙaramin ɗana yana da asma. Na samo wata motar mai ɗan dama-dama, na ce mu rabu da wannan mu saye ta, maigida ya ce a'a, in muka sayar Yaya zai ji kunya, mutane za su ce mun tona masa asiri. Na ce to kunyar Yaya ko numfashin ɗanka? Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma har ya faɗa wa yara za su kwana a ciki hutun nan.

Ku gaya min, in yarda a gyara in yi shiru, ko in sayi ɗayar da allowance ɗina ko bai so ba? Ni ce nake riƙe yaron nan a asibiti in ƙirjinsa ya toshe, ba Yaya ba.